Ranar da Na Faɗi Gaskiya a Soron Malam

Ni 'yar mai bishara ce. An haife ni a wani ƙauye da ke kudu da Kano, inda cocinmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, ba ta cin mutum ɗari. Kakata ba ta yi salla ba, ba ta kuma shiga coci ba har ta koma ga Mahaliccinta. Mahaifina ne ya fara ba da gaskiya a gidanmu. Amma in ka cire zuwa sujada ranar Lahadi, tarbiyyarmu ta kowane gidan Bahaushe ce. Mukan durƙusa mu gai da manya, ba ma kallon babba ido cikin ido, kuma ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunan yayana ba, don shi ne ɗan fari.

Da na shiga makarantar koyon aikin jinya, wadda ta mishan ce, sai na tarar da wata tarbiyyar. Babbar malamarmu mace ce mai tsoron Allah, mai zafin nama, kuma ta ga mata da yawa sun mutu saboda sun ji nauyin faɗin inda yake musu ciwo. Kullum takan ce mana mu ɗaga kai, mu dubi majiyyaci, mu gaya masa abin da yake damunsa ba kwana-kwana. Na ƙaunace ta ƙwarai, na kwaikwayi har tafiyarta. Kafin in gama makaranta na riga na yanke wa kaina hukunci cewa kunya da kara da doguwar gaisuwa duk ragowar duhu ne, Kirista na ƙwarai kuwa shi ne mai faɗin magana yadda take, ko ta yi daɗi ko ta yi ɗaci.

Da wannan hali aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Mazugal a birnin Kano, aka ba ni ɓangaren masu tarin fuka. Ina zaune wurin gwaggona a Sabon Gari, kowace safiya in yafa mayafi a kan farin kayana in hau adaidaita sahu in shiga birni. Mutanen unguwa suna ce mini Sista. Sun san ni Kirista ce. Tsofaffin mata kan riƙe haɓa su ce, “Bahaushiya kuma Kirista? Ikon Allah!” Daga nan sai su ci gaba da ba ni labarin ciwon gwiwarsu. Ban taɓa ganin wulaƙanci a wurinsu ba.

Cikin masu karɓar magani a hannuna akwai wani dattijo daga unguwar Sheshe, dogo, siriri, ya ba sittin baya. Sana'arsa ɗinkin hannu, irin aikin da ake yi wa babbar riga a wuya da aljihu, kuma an ce a duk lungunsu ba mai hannunsa. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka. In ya zo, sai ya tambaye ni kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, idonsa na kan tebur. Ni kuwa ga layi a bayansa, sai in katse shi.

“Malam, ba wata matsala?”

“Sai alheri, 'yar nan.”

In yi alama a katinsa, in miƙa masa ƙwayoyin mako guda, in kira na gaba.

Maganin tarin fuka wata shida ake sha, kuma wanda ya yanke a tsakiya ya ja wa kansa ciwon da ya fi na farko wuyar magani. Malam ya yi mako shida yana zuwa a kan lokaci, tarin ya lafa, har ya fara mai da jiki. Sai ya tsallake mako guda. Na biyu ma bai zo ba. Na buga lambar da ke jikin katinsa, matarsa ta ɗauka ta ce ya ɗan fita. Na sake bugawa washegari, aka ce ya ɗan fita. Raina ya ɓaci. Na sha ganin irin haka, mutum ya ji sauƙi ya watsar da magani ya koma jiƙe-jiƙe. Ranar wata Laraba da hantsi na ɗauki katin na nufi Sheshe.

Sai da na yi tambaya sau uku a cikin lunguna kafin in sami gidan. A soro na tarar da shi, shi da wasu dattawa huɗu sa'o'insa, kowa a kan tabarma da riga shimfiɗe a cinyarsa, allura na shiga tana fita. Malam kaɗai ne ba ya ɗinki. Tasa rigar na ninke a gefe, carbi ne a hannunsa. Na ga haka da idona, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Na yi sallama a tsaye, takalmina a ƙafata.

“Malam, mako biyu ba mu gan ka ba. Kana shan magani?”

Ya ce, “Ana sha, 'yar nan. Sannu da zuwa. Shiga ciki ki gaisa da mutanen gidan, ki sha ruwa, ga ni nan tafe.”

Yau in na tuna, na san ƙofa ya buɗe mini don mu yi maganar a ɓoye. A ranar kuwa gani na yi yana so ya zille. Na ɗaga katin sama na ce, “Malam, wannan ba gaskiya ba ne. Maganin da na ba ka ya ƙare tun mako biyu. Tarin fuka ba abin wasa ba ne. In ka ƙi sha, kai za ka mutu, kuma kafin nan ka shafa wa iyalinka, ka shafa wa waɗannan da kake zaune da su.”

Allurai suka tsaya. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya dube shi. Na kusa da shi ya gyara zama, ya ɗan ja tabarmarsa baya. Ashe ba su san irin ciwon da yake fama da shi ba, tari kawai aka gaya musu.

Can Malam ya ce, “Na ji. Allah ya yi miki albarka.”

Na fito ina jin na sauke nauyi. Da yamma na ba gwaggona labari, ina tsammanin yabo. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “A gaban mutane?” Na ce mata gaskiya ba ta da wurin ɓuya. Ta ci gaba da tsintarta.

Malam bai zo ba. Kwana tara bayan nan, ranar Juma'a, wata dattijuwa cikin dogon hijabi ta zauna a ƙarshen benci tun safe, duk wanda ya zo sai ta ce ya wuce gabanta. Sai da layi ya ƙare ta taso. Ta ce ita ce mai ɗakin Malam na Sheshe, Inna ake ce mata. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ni kuma na shirya jin faɗa. Ba ta yi ba.

Ta ce, “Sista, tambaya na zo yi. Akwai wani ɗan'uwanmu a Kabara, shi ma irin ƙwayar nan yake sha. To sai ya ga idonsa yana yin hazo-hazo. Har ta kai ja da kore sun zame masa abu guda. Na ce bari in tambayi masu sani, ko maganin yakan yi haka?”

Yakan yi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan takan taɓa jijiyar idon wasu mutane, kuma alamar farko ke nan. An koya mana, na rubuta a jarrabawa, na ci. Aikina ne in gargaɗi kowane majiyyaci tun ranar farko, in kuma riƙa tambayarsa idonsa duk zuwa. Ni kuwa “ba wata matsala?” kawai nake cewa.

Na ce, “Inna, Malam ne?”

Ta ce, “Ni dai ɗan'uwanmu na ce.”

Ta ci gaba a hankali, tana murza bakin hijabinta. Wai ɗan'uwan nan nasu ya yi kwana uku yana aiki a rigar wani Alhaji da zaren da ba shi ba ne, bai sani ba, sai da amininsa ya lura ya karɓi rigar ya warware a ɓoye. Shekara arba'in da wani abu yana cin abinci da idonsa. Shi ne ya ajiye maganin ya gani ko idon zai dawo.

Na ce, “To me ya hana shi gaya mini?”

Ta dube ni, ba da fushi ba. “'Yar nan, wa zai gaya wa? Ke, sa'ar autarsa? A tsaye, ga mutane a bayansa suna ji? Ya ce miki mai ɗinki ya daina gani?”

Ta gaya mini tun ranar da na je, soron ya watse. Uku daga cikin dattawan sun koma wani dakali a bakin lungu, amininsa kaɗai yake leƙowa. A masallaci ma akan bar ɗan fili tsakaninsa da na gefensa. Ya daina fita sai dole. Ta ce, “Ba ƙara na kawo ba. Idon ne yake ba ni tsoro, ga tarin yana dawowa.”

Na miƙe na ɗauki mayafina. Na ce yanzun nan za mu tafi tare, in tara dattawan nan, in faɗa a gabansu cewa laifina ne, magani ne ya taɓa masa ido. Haka na san tuba, wanda ya yi laifi a fili ya furta a fili. Inna ta riƙo hannuna.

“Zauna. Kin tona masa asiri ɗaya. In kika je kika faɗi maganar ido, kin tona na biyu, kuma ba mai sake kawo masa riga. Ba ki da babba ne?”

A ranar na sami likitanmu na gaya masa komai, har da sakacina. Ya yi mini faɗan da na cancanta, ya ce a kawo Malam da gaggawa, za a cire ƙwayar a sake masa tsari, kuma in an yi da wuri ido yakan farfaɗo. Saura yadda za a yi ya zo.

Lahadin nan akwai jibin Ubangiji a cocinmu, wato gurasar da masu bi suke ci tare don tunawa da Almasihu. Tun ina ƙarama na san koyarwar cewa wanda ya tuna ɗan'uwansa na da damuwa da shi, ya fara zuwa su shirya kafin ya kawo baikonsa gaban Allah. Da faranti ya iso gabana na kasa miƙa hannu. Ana tashi na buga wa mahaifina waya.

Da motar safe ya iso ranar Litinin, da kwalbar zuma da ƙullin gyaɗa a jakarsa. Ya sa na sake ba shi labarin tun daga farko, a tsakar gidan gwaggo. Da na gama ya ce, “Abin da kika faɗa gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, Baba.”

“Don wa kika faɗe ta?”

Na so in ce don Malam, amma ba haka ba ne. Na san haushin wayar da aka ƙi ba shi ne ya kai ni, da son a ga na iya aiki.

Ya ce, “Ubangijinmu ya koya mana in ɗan'uwa ya kauce, a fara samunsa shi kaɗai, daga kai sai shi. Wannan kakarki ma ta san shi, ita da ba ta taɓa shiga coci ba. A ina kika yar da shi?”

Ya ce in ɗauko mayafi.

A ƙofar soron mahaifina ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, ya jira aka amsa. Malam na zaune shi kaɗai, ya rame fiye da yadda na bar shi. Mahaifina ya tsuguna ya miƙa masa hannu biyu, bai nuna ƙyamar tari ba ko kaɗan, sannan ya zauna dab da shi a tabarma guda. Ni na durƙusa daga bakin ƙofa. Suka shiga gaisuwa, irin wadda nake katsewa. Daga nan suka koma maganar damina, da yadda gero ya yi a wajenmu, har aka gano dangin mahaifiyar Malam suna cin kasuwa ɗaya da ƙauyenmu. Malam ya tambayi wata tsohuwar rijiya a bakin kasuwar, mahaifina ya ce tana nan, har yanzu ruwanta da zartsi. Malam ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ƙafafuna suka yi tsami. A raina ina cewa, yaushe za a zo kan magana?

Sai da aka kusa kiran azahar mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, na haifi yarinya, na sa ta makaranta. Karatu ya shiga, sauran abin bai gama shiga ba. Wannan kuwa ba laifin makaranta ba ne, nawa ne. Na zo a yafe mini.”

Malam ya ce, “Subhanallahi. Haba, bawan Allah. Yarinya aikinta ta yi. Ni ne babba, ni na ƙi jin magana. Wallahi ba komai.”

Mahaifina ya ce, “Allah ya ƙara girma. Ta kuma ce mini akwai abin da ya kamata ta gaya maka tun ranar farko, ba ta gaya maka ba. Ashe maganin nan yakan taɓa idon wasu. In an faɗa da wuri, likita yakan canza shi.”

Carbin da ke hannun Malam ya tsaya. Sannan, karo na farko tun da na san shi, ya juyo ya dube ni.

“Ashe ana canzawa, 'yar nan?”

Na ce, “Ana canzawa, Baba.”

Ya ce, “To. Gobe in Allah ya kai mu.”

Ya zo kuwa, tun kafin in buɗe ɗaki. Aka sake masa magani, aka tura shi wurin masu duba ido. Ganin ya dawo sannu a hankali cikin watanni, amma bai dawo duka ba. Ƙaramin aiki mai tsauri ya gagare shi har abada. Ya koma zana wa wasu fasalin aiki a jikin riga, su kuma su bi da allura. Bai taɓa ce mini ni na ja masa ba. Ni dai na san da na yi tambayar da ta dace a makonnin farko, da wataƙila ba a kai nan ba.

Da muka gwada mutanen gidan, sai ga shi Inna ma ta kamu. Ta daɗe tana tari tana dannewa, don kada a ce ita ma ta kwanta, wa zai kula da Malam. A ɗakinta na same ta, na sakaya labule, na zauna a bakin gado, muka gaisa sosai. Sannan na gaya mata ba tare da rage komai ba: tana da ciwon, wata shida za ta sha magani, kuma in ta ji wani abu a idonta ko a cikinta ta ɓoye mini, za mu ɓata. Ta yi murmushi ta ce ta ji, kuma ta cika alkawari.

Da gwajin Malam ya nuna ba ya yaɗa ciwon, na nemi izininsa, amininsa ya kai wa sauran dattawan labari. Biyu suka dawo soron da tabarminsu kamar ba abin da ya faru. Na ukun bai dawo ba har na bar unguwar. Sun yi shekara talatin suna zama tare. Wannan ban iya gyara shi ba.

Na yi shekaru ina juya abin nan a zuciyata. Ba zan ce duk abin da muka gada alheri ne ba. Kunyar nan da nake yabo ita ce ta kusa makantar da Malam, ita ce ta sa Inna ta yi ta haɗiye tari. Malamarmu ba ta yi ƙarya ba, shiru yana kisa. Amma ni kuskurena daban ne. Na ɗauki ɗabi'ar mutum ɗaya da nake sha'awa na sa mata sunan bangaskiya, na kuma ɗauki tarbiyyar gidanmu gaba ɗaya na sa mata sunan duhu, alhali a cikinta akwai abubuwan da Almasihu da kansa yake nema a wurina: rufa wa mutum asiri, girmama furfura, haƙurin zama har mai magana ya kai inda za shi. Ba wanda yake zaɓen hannun da ya fara sarrafa halinsa. Gida ya yi nasa, makaranta ta yi nata, unguwa ma haka. Abin da ya rage wa mai bin Almasihu shi ne ya riƙa kawo su gaban Ubangiji ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wanne ne ƙauna a ciki, wanne ne tsoro ko girman kai. Nawa girman kai ne, kuma mutanen da ba addininmu ɗaya ba ne suka nuna mini shi, ba tare da ko ɗaya ya ɗaga mini murya ba.

Shekara uku na yi a asibitin aka canza mini wurin aiki. Zumunci tsakanin Malam da mahaifina kuwa bai yanke ba. Da Salla mahaifina zai buga masa waya, da Kirsimeti shi zai bugo, su yi ta gaisuwa har katin waya ya ƙare.

Da mahaifina ya rasu, ban aika Sheshe ba, don na san Malam ya tsufa, hanyarmu kuma ba kyau. Rana ta uku muna zaman makoki sai ga motar haya ta tsaya a bakin coci. Malam ne ya fito, yana dogara sanda, amininsa na riƙe da hannunsa. Gwaggona ce ta sanar da su. Ya zauna cikin dattawan coci a gindin ɗorawa, ya yi wa mahaifiyata ta'aziyya daga nesa, ya ce ya yi rashin ɗan'uwa. Aka kawo fura ya sha. Da la'asar ta yi ya tambayi yayana ina gabas. Yayana ya kawo masa buta, ya shimfiɗa musu sabuwar tabarma a bayan ɗakin mahaifina. Suka yi sallarsu, suka yi mana sallama, suka kama hanyar Kano tun da sauran rana.